Ƙofofin Jar Alfadara

Morehead, Kentucky
Maris, 1998

Zuwa ga Charlene, 'yar Virgil,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mahaifiyarki Opal. Ni dai ga ni nan. Gwiwar hagu ta ƙi ni tun farkon sanyi, kunnuwa kuma sun daɗe da tafiya, ƙarar inji ta cinye su. Saboda haka lambar wayar da kika rubuto ba ta da amfani a wurina. In kina da magana ki sa ta a takarda, inda zan iya juya ta in duba bayanta.

Na ga rasuwar ubanki a layi na biyu na wasiƙarki, dab da inda maganar mota ta fara. Allah ya jiƙansa. Uwata da uwarsa ciki ɗaya suka fito, gado ɗaya muka kwana muna yara, amma sai da ciyawa ta tsiro a kabarinsa aka tuna da ni, shi ma don ana neman sa hannuna. Ba ƙorafi nake ba. Faɗa nake don ki san na lura.

Kin ce za ki sayar da Jar Alfadara, kin sami mai saye, yana so in sa hannu cewa ita ce motar nan ƙirar Willys da ta cinye tseren kwata mil a filayen Kentucky da Ohio a 1966. Yarinya, ba a sayar da abin da ba a da shi. Abin da ke garejin ubanki fata ce. Ƙashin yana nan rumfata ta shanya taba a ƙarƙashin tamfol: firam da inji da giya, duk aikin hannuna.

Da alama bai gaya miki ba, to bari ni in gaya miki. Ni na ƙera motar, shi yake tuƙawa. Da ya ɗauko zancen komawa California, wai can ana tsere rani da damina, na ce ni ba zan bar gona da tsohuwa ba. A zamaninmu in abokan mota suka raba gari ba a zuwa wurin lauya. Ƙwandala ake cillawa sama, wanda ya ci ya zaɓi rabinsa. Virgil ya ci, ya zaɓi bodi, don a jikinsa sunan motar yake, kuma masu filin tsere suna suke gayyata, ba inji ba. Ban yi gardama ba, ƙa'ida ce.

Abin da ba ƙa'ida ba shi ne wannan. A kan kowace ƙofa an rubuta Caudill da Sizemore, sunana da nasa. Mai tuƙi shi ke karɓar kofi, shi ake ɗauka hoto da 'yan mata. Wanda ya ƙera ba shi da komai a duniya sai ƙofar nan. Kirsimetin farko bayan tafiyarsa ubanki ya aiko min kati da hoton motar, ko gaisuwa babu. Inda sunana yake an shafe da wani jan fenti da ko kalar motar bai dace da ita ba.

Ba zan sa hannu ba. Kuma ina so in sani, wa ya ba ki adireshina?

Delmer Caudill


Bakersfield, California
Afrilu, 1998

Baffa Delmer,

Na ji daɗin ganin rubutunka, ko da yake ya zo da zafi. Sannu da gwiwa. Mama tana nan, sai dai mantuwa ta yi mata yawa, wani lokaci ni ma sai ta tambaye ni 'yar gidan wa ce. Shi ya sa nake son tattara gidan in dawo da ita wurina, motar kuma ba ni da inda zan sa ta.

Adireshinka ba wanda ya ba ni. Garinku nawa yake, Baffa? Na rubuta sunanka da sunan garin kawai, ga shi ta same ka.

Rashin sanar da kai rasuwar laifina ne, ka yi haƙuri. Maganar rabon mota kuwa yau na fara jin ta. Na taso na ga motar a kan wani firam da Baba ya haɗa a nan, ya yi 'yan shekaru yana tsere da ita, bai taɓa cin wani abin kirki ba. In an tambaye shi sai ya ce iskar California ce ba ta karɓe ta ba.

Mai sayen sunansa Mista Lindqvist, likitan haƙori ne da ya yi ritaya, yana tara tsofaffin motocin tsere. Ya yi min bayani dalla-dalla: tsohon bodi irin wannan in ba tarihi, kuɗinsa bai wuce na saniya mai kyau ba. In kuwa an tabbatar shi ne wanda ya yi suna, ana maganar kuɗin gida. Ya ce burinsa ya mayar da ita yadda take. Da na karanta masa wasiƙarka har miƙewa ya yi daga kujera, ya ce in inji na asali yana raye to a haɗa su a sayar tare, kowa ya ɗauki rabonsa.

Ba wayo nake son yi maka ba. Ka faɗa min abin da kake so.

Taka,
Charlene


Morehead
Ƙarshen Afrilu

Charlene,

Gaisuwa gare ki da Opal. Mantuwa ba daɗi, amma akwai waɗanda ta yi wa rana. Gwiwa da sauƙi, na shuka dankali.

Kin karanta wa baƙo wasiƙata. To madalla. Yanzu wani mai cire haƙora a California ya san abin da ke cikin rumfata, kuma ya san tsoho ne shi kaɗai a gidan, ba ya ji. Na sayi sabon kwaɗo.

Ya ce zai mayar da ita yadda take. Yadda take yaushe? Motar nan ta yi zama biyu. Akwai yadda take lokacin da take ci, akwai yadda take bayan ubanki ya bi ta da buroshi. Na karanta layin nan har takardar ta yi laushi, ban ga inda ya ce wanne ba. Masu kuɗi ba sa barin magana a buɗe sai da dalili.

Ranar Asabar na shiga gari cin wake da burodin masara, sai ga Estill Fugate, wanda a da shi ke ɗaga tuta a filin tserenmu. Ya zo da jaridar nan ta tallan tsofaffin motoci, ya shimfiɗa min a kan tebur, ya sa bakinsa a kunnena yana ihu.

Ya ce, "Delmer, ashe kai ɗan kallo ne muke ta ba ka girma?"

Na ce, "Kai da ka yi shekara goma kana kaɗa tsumma, wa ya tambaye ka?"

Ya ce, "Karanta dai, in idon bai bi kunnen ba."

Na karanta. Ga hoton motar, ga rubutu a ƙasa: ta sayarwa ce, marigayi Virgil Sizemore ne ya ƙera ta ya tuƙa ta. Ya ƙera ta. Mutumin da in ka miƙa masa sifana sai ya tambaye ka ta wane gefe ake riƙewa. Mai kawo abinci ma sai da ta leƙo ta ce, "Au, Kaka, ba kai ne kake ce mana taka ce ba?" Na bar waken nan ban gama ba.

Wannan tallan ke kika sa shi. Kada ki ce ba ki sani ba, yanzu kin sani.

Kin ce in faɗi abin da nake so. Ba kuɗin gida nake nema ba, ina da gida, yana yoyo amma nawa ne. Ga maganata guda ɗaya: muddin fentin Virgil yana kan ƙofofin nan, kada ki sake yi min zancen sa hannu ko zancen inji.

Delmer


Bakersfield
Mayu, 1998

Baffa Delmer,

Muna lafiya, Mama ta ɗan yi mura ta warke. Allah ya sa dankali ya yi albarka.

Tallan na aika shi tun kafin wasiƙarka ta farko ta zo, abin da na taso ina ji na rubuta. Na riga na kira su na ce su cire.

Na fahimci maganarka. Kana so a cire fentin Baba daga ƙofofin, kuma kana da gaskiya. Akwai wani gareji kusa da mu da suke feshin yashi, su kankare fenti tas har sai ƙarfe ya fito. Na yi niyyar in kai musu ƙofofin biyu, sannan in sa a sake fenti a rubuta sunanka da nasa sabo fil, da kuɗina. Ban gaya wa Mista Lindqvist ba, tunda ba ka son ana kai masa maganarmu.

Sun ba ni wuri a farkon Yuni. In akwai gyara a maganar ka rubuto kafin nan. In na ji shiru zan ɗauka ka yarda.

Taka,
Charlene


Morehead
Tsakiyar Yuni

Charlene,

Ina fata kuna lafiya. Ni lafiyata ƙalau, ba ciwo ne ya hana ni rubutu ba. Wasiƙarki ta zo tun watan jiya, na jingina ta da gwangwanin kofi ban buɗe ba sai yau da safe, kuma zan gaya miki dalili.

Ana gobe za ta iso, wani mutum ya shigo gonata da a-kori-kura mai jan tirela. Takalminsa ko ƙura babu. Ya ce wai yana zagayawa ne yana sayen tsofaffin ƙarafa, ko ina da wani tarkace a rumfa da ke tare min wuri.

Na ce, "Tarkace kamar me?"

Ya rubuta min a bayan ambulan, tunda ya ga ba na ji: kamar tsohon inji, ko firam.

Na ce, "Gonaki nawa ka shiga yau kafin tawa?"

Ya yi dariya ya ce, "Haba Dattijo, ai hanya ce ta biyo da ni."

Na ce, "Hanyar nan a ƙofata ta ƙare, bayana dutse ne. Shekara saba'in ba ta taɓa biyowa da kowa ba. Gaishe min da mai cire haƙora."

Ya rantse bai san wani mai haƙora ba. Sai da na kwance kare sannan ya tuna yana da sauri. Estill ya ce ƙila tallan jaridar ya gani ya yi tambaya a gari, wai kowa ya san inda injin yake. Estill kuwa ko ɓarawo ya gani a kan taga cewa zai yi gilashi ya zo gogewa. Ni na ce ku kuka turo shi ya saye da arha, a haɗa mota a can, a bar ni da tamfol. Shi ya sa na ce bari in bar ki ki ji yadda shiru yake.

Yanzu na buɗe na karanta. Yarinya, kina da hankali kuwa? Wa ya ce miki feshin yashi? Sunana yana nan a ƙarƙashin jan fentin nan. Ubanki bai taɓa kankare komai ba a rayuwarsa, shafawa kawai yake yi a kai. Wani tsoho mai rubutun allo daga Maysville ya rubuta sunayen da hannunsa, ya mutu tuntuni, ba mai irin hannunsa kuma. Abin da nake nufi a samo samfefa mafi laushi, a jiƙa da ruwa, a bi facin nan da yatsa a hankali har sunan ya fito da kansa. Wannan kowa ya sani. Ban ɗauka sai na faɗa ba.

Sabon suna da za ki biya a rubuta min, ba na so. Kowane mai kuɗi zai iya sa a rubuta masa suna a ƙofa. Na da nake so, wanda aka rubuta lokacin da na cancanta.

Kada ki bari inji ya taɓa ƙofofin nan. Na biya kuɗin gaggawa a gidan waya, kuma ban saba ba.

Delmer


Bakersfield
Yuni, 1998

Baffa,

Wasiƙarka ta same mu lafiya. Ban san yadda zan fara ba, gara in faɗa kai tsaye. An riga an yi. Na jira har ranar da suka ba ni ta wuce, na roƙi ƙarin mako, na ji shiru, na kai. Ƙofofin suna jingine a gareji yanzu, farin ƙarfe, babu sunanka babu na Baba.

Ban turo kowa gonarka ba. Mista Lindqvist ma bai turo ba, na tambaye shi ido da ido. Da ya ga ƙofofin sai ya zauna a kan bokiti. Ya ce tsohon rubutun nan shi ne shaidar motar, da shi ake bambanta ta da kowace Willys da aka yi wa jan fenti. Ya ce yanzu ba abin da ya rage sai bakinka, kuma kai ka ce ba za ka sa hannu ba. Ya janye.

Ba don cinikin nake rubuto maka ba. Da na je ɗaukar ƙofofin, mutumin da ya yi aikin, Mista Arredondo, ya biyo ni har mota. Ya ce da ya fara fesawa wani suna ya fito a ƙarƙashin facin, ya tsaya ya je ya tambayi maigidansa, maigidan ya ce matar ta ce har ƙarfe, ka yi abin da aka ce. Ya ce abin ya tsaya masa a rai. A lokacin ban gane nauyin maganar ba sai da takardarka ta zo.

Na so in faranta maka ne. Ka yafe min.

Charlene


Morehead
Yuli

Charlene,

Muna lafiya. Zafi ya yi yawa.

Labarin mutumin da ya ga suna ya zo daidai lokacin da ake bukatarsa. Ni na gaya miki sunan yana ƙasa, sai ga wanda ya gani. Ƙila gaskiya ne. Ƙila kuma an ce a shafa wa tsoho mai a baki ko ya sa hannu.

Akwai hanyar ganewa. Ban taɓa gaya miki kalar rubutun ba, hotunan da aka ɗauka kafin a rufe sunan kuma duk baƙi da fari ne. Ki koma wurin Arredondo ɗin, in akwai shi. Ki tambaye shi me ya gani, wace kala, yaya haruffan suke. Kada ki taya shi. Ki rubuto min abin da ya fito daga bakinsa, ko da bai yi min daɗi ba.

Delmer


Bakersfield
Yuli, 1998

Baffa Delmer,

Mama na gaishe ka. Jiya na ambaci sunanka ta ce, "Wannan mai baƙin ran? Yana nan?" Na ce yana nan.

Na same shi a lokacin cin abincin rana, ga abin da ya ce, ban ƙara ban rage ba. Ya ce ba fenti ba ne, ruwan zinariya ne na gaske irin wanda ake mannawa, an zagaye shi da baƙin layi siriri, sannan kore a gefe kamar inuwa. Harafin farko yana da doguwar jela da ta bi ƙarƙashin sauran ta naɗe a ƙarshe.

Ya ƙara da wani abu da ban tambaye shi ba. Ya ce a ko'ina fentin ya kama ƙarfe gam, amma facin da ke kan sunan ɓarewa ya yi falle guda kamar ɓawon ayaba, a ƙofa ta farko da ta biyu duka. Ya taɓa wurin ya ji santsi. Ya ce kaki ne irin na goge mota, an shafa shi da kauri a kan haruffan kafin a yi fentin. Sunan yana ƙyalli kamar jiya aka rubuta. Ya ce, "Madam, duk wanda ya rufe sunan nan bai so ya lalace ba."

Ni ban san komai a kan fenti ba. Kai ka sani.

Taka,
Charlene


Morehead
Agusta, 1998

'Yata Charlene,

Ina gaishe ki. Ki ce wa Opal mai baƙin ran yana nan, kuma yana tuna wainar tuffa da ta ƙona ranar bikinta.

Zinariya ce, da baƙi, da kore. Jelar ma haka take. Mutuminki ya gani.

Maganar kaki kuwa, kada ki ɗauke ta ki kai ta inda ba ta je ba. Ubanki marowaci ne, ya san kuɗin da muka biya tsohon nan na Maysville, ƙila zinariyar ya ji wa tausayi ba ni ba. Gaskiya ne ko wanda ya fara aikin gareji jiya ya san fenti ba ya kama kaki, Virgil ma duk rashin iyawarsa wannan kam ya sani. Kuma kafin faci ya zauna shekara talatin a kan kaki, sai an bi gefensa da kulawa sosai. Ban san shi da haƙurin wannan ba. To amma in yana da magana, yana da hannu, akwai gidan waya a California. Na kwana biyu ina juya abin, na bar shi a nan. Na gaya wa Estill, ya buɗe baki zai yi wa'azi, na juya masa kunnen da ya fi mutuwa.

Ga abin da za a yi. Ki ce wa mai haƙora ya zo da kansa, da rana, ya zo da bodin a tirela. Zan buɗe rumfa, zan ɗora shi a kan firam ɗinsa da hannuna, ramukan ƙusoshin za su faɗa masa gaskiya ko ƙarya tunda ni na huda su. Zan sa hannu, amma ni zan faɗi abin da za a rubuta: Delmer Caudill ya ƙera, Virgil Sizemore ya tuƙa. Ya iya tuƙi, wannan ban taɓa hana shi ba. Lauyan da zai karanta min takardar ni zan zaɓa, ba shi ba. Rabona ki haɗa da naki ki kula da uwarki, kuma kada ki rubuto min godiya, ba zan buɗe ba.

Ƙofofin kuma, in ya saya ya rubuta abin da ya ga dama a kansu. Ba nawa ba ne, ba zan duba ba.

Abu ɗaya nake so daga gare ki. Ki aiko min da cikakken adireshin Arredondo. Tun ranar da motar nan ta bar ƙofar gidana, in aka cire ubanki, shi kaɗai na sani da ya ga sunan da idonsa, kuma ina da sauran tambayoyi.

Baffanki,
Delmer Caudill